Sandar faibagilas ta musamman don kamun salmon: a ba da aikin ko a haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Aberdeen a ƙasar Sikotlan, abokan aiki kuma sun jawo ni cikin kamun kifin salmon da ƙugiyar gashi a kogin Dee. Har yanzu da sandar aro nake fita. Na haɗu da wani mai haɗa sanduna da hannu, ya ce zai yi mini ta faibagilas daidai da hannuna, sai dai kuɗinta ya fi na sandar kabon ta kanti. Abokaina suna cewa faibagilas kayan kakanni ne. In ba shi aikin ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a a bakin ruwa.

Idan wannan ce za ta zama sandarka ta farko, ita kaɗai, kuma babban Dee za ka riƙa shiga da ita tun daga buɗe kamu a ranar 1 ga Fabrairu, to dakata tukuna. Nemi ta kabon mai ƙafa 13 ko 14, ta hannu biyu, ka koyi jifa da ita. Idan kuwa kana da wannan, ko za ka iya ci gaba da aronta, kuma abin da kake so shi ne sandar watannin Yuni zuwa Satumba, lokacin da ruwa ya ja baya, ko ta ƙananan koguna irin su Feugh da Ythan da saman Don, to ba shi aikin da zuciya ɗaya, amma da sharuɗɗan da zan faɗa maka. Abokanka ba su yi ƙarya ba, rabin maganar kawai suka faɗa.

Ka san cewa a irin wannan fatsa ƙugiyar ba ta da nauyin da za ta kai kanta nesa. Igiyar ce mai nauyi, ita ake jefawa, sanda kuma ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyinta sannan ta miƙe ta harba ta. Saboda haka duk gardamar tana kan abu biyu: yadda sanda take lanƙwasa, da nauyin da kake ɗagawa kafin ta yi hakan. Da zaren gilashi ake yin faibagilas. Na yau da kullum, wanda ake kira E, taurinsa a ma'aunin injiniyoyi kusan 72 ne. Ingantaccen, wanda ake kira S, yana kaiwa tsakanin 85 da 90. Zaren kabon mafi arha yana farawa ne daga wajen 230. Ga shi kuma gilashi ya fi nauyi: kimanin giram 2.5 a duk curin da tsawonsa da faɗinsa da kaurinsa santimita ɗaya ne, kabon kuwa wajen 1.8. Ma'ana, in kana son sandar gilashi ta tsaya da ƙarfi kamar ta kabon, dole a ƙara mata kauri ko a faɗaɗa bututunta, kowanne kuma nauyi ne.

A sanda mai ƙafa 8 da rabi wannan ƙarin ba ya damun kowa. A mai ƙafa 15 kuwa masifa ne, domin nauyin ba a tafin hannunka yake ba, yana can nesa a tsini, kuma duk tazarar da ya ƙara yi da hannu, wahalar kaɗa shi tana ninkuwa fiye da yadda sikeli zai nuna maka. Kamun salmon kuwa aikin maimaici ne. Ka yi jifa, igiya ta zagayo da ruwa, ka ƙara taku ɗaya, ka sake jifa, haka tun safe har yamma, sau da yawa ba tare da ko taɓi ba. Kafaɗar da ta ɗauki doguwar sandar gilashi yini guda ba ta son jin labarinta washegari.

Tarihin kansa ya nuna haka. Mutanen kogin Spey na Sikotlan sun ƙirƙiri salon jifansu a ƙarni na 19 da manyan sanduna na katako, waɗanda daga baya aka riƙa yin su da wani itace mai nauyi da ake kawowa daga Guyana. Da irin wannan ne Alexander Grant, mutumin yankin Inverness, ya jefa igiya yadi 65 a kogin Ness a 1895. Sai gora ta karɓi fage. Bayan yaƙin duniya na biyu, kamfanin Shakespeare a Amurka ya fitar da sandar gilashi mai suna Wonderod a 1947, bisa hanyar da Dokta Arthur Howald ya gano, daga nan gilashi ya mamaye kasuwa, saboda ya fi gora arha, bai damu da jiƙa ba, kuma ba ya buƙatar lallaɓawa. Kamfanonin Fenwick da Hardy duk sun yi suna da shi. Amma da Fenwick ya kawo sandar kabon a 1973, masu dogayen sandunan salmon suna cikin waɗanda suka fi saurin juya wa gilashi baya, kuma ba don yayi ba. Sauƙin da suka samu a kafaɗa na gaske ne. Dawowar da gilashi ya yi a shekarun baya-bayan nan ta fi ƙarfi a gajerun sanduna, inda dama can bai taɓa gazawa ba.

To me yake da shi da ya sa har yanzu nake ba mutane shawarar su mallaki guda?

Na farko, yana miƙewa kafin ya karye. Zaren gilashi yakan ja kusan kashi 5 cikin 100 na tsawonsa kafin ya tsinke, na kabon kuwa da kyar yake kai kashi 2. A bakin ruwa wannan yana nufin sandar da ta bugi dutse, ko ƙugiya mai nauyi ta dawo ta dake ta, ko ka ɗaga ta tsaye fiye da kima lokacin da kifi ya zo gaban koma, yawanci za ta yafe maka. Sandar kabon mai siririn bango takan riƙe wannan tabon a ɓoye, sai wata rana tana cikin aiki ka ji ƙas.

Na biyu shi ne wanda ya fi muhimmanci a wurina. A watan Yuli da Agusta, idan ruwa ya yi ƙasa ya yi garau, kifin da ya fi shigowa shi ne ƙaramin salmon da ya yi hunturu ɗaya kacal a teku, mai kilo 2 zuwa 3. Ana bin sa da ƙananan ƙugiyoyi, lamba 12 ko 14, irin su Stoat's Tail ko ƙaramar Cascade, a kan siririn zaren gaba. Wannan kifi ba ya zama wuri ɗaya. Da ya ji ƙarfe sai ya yi sama, ya faɗo, ya girgiza kai, ya juyo da gudu ya nufo ƙafarka, igiya ta saki, sannan ya sake ficewa. A nan ne ake asarar yawancinsu, domin ƙaramar ƙugiya ɗan nama kaɗan ta kama, kuma kowace fizga tana faɗaɗa ramin. Sandar gilashi takan lanƙwashe har cikin mariƙi, kana jin motsinta a ƙarƙashin babban yatsanka, sai ta shanye fizgar ta mayar da ita a hankali. Igiya ba ta yin sako-sako farat ɗaya, ba ta kuma ɗaurewa farat ɗaya. Ga wanda yake amfani da ƙugiyar da aka danne wa ƙaya don sauƙin sakin kifi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma abin da take koya wa hannu. Salmon ba ya cin abinci bayan ya shigo ruwan daɗi, kuma idan ya ɗauki ƙugiya, babban kuskuren sabon shiga shi ne fizge sanda nan take. Abin da ake so shi ne ka bari ya juya da ita, igiya ta yi nauyi, sannan ka ɗaga. Sandar da ba ta da gaggawa takan sa mai ita ma ya rage gaggawa. Haka ma wajen jifa: tana sanar da kai lokacin da ta ɗauki nauyin igiya, ba sai ka yi hasashe ba. A ƙaramin kogi mai bishiyoyi a bayanka, inda jifan mita 12 zuwa 18 ya wadatar, kuma duk jifan naɗi ne ko na Spey, waɗanda ba sa kai igiya can baya, da wuya ka sami abin da ya fi ta daɗin aiki.

Inda take gazawa ma a fili yake. Iska mai ƙarfi tana cin ta, domin bututunta ya fi kauri kuma tsininta yana jinkirin tsayawa bayan jifa. Fito da igiya mai nutsewa daga zurfin ruwan Fabrairu, da ƙugiyar bututun tagulla irin Willie Gunn a bakinta, aiki ne da yake son sanda mai tsawo da tauri. Gajeriyar sanda kuma ba ta ba ka ikon gyara kwanciyar igiya a kan faffaɗan ruwa, wanda shi ne yake ƙayyade saurin da ƙugiya take ratsa gaban kifi. Za ka ji ana kawo misalin Lee Wulff, wanda ya kama manyan salmon a Kanada da sanda mai ƙafa 6. Gaskiya ne ya yi, amma gwanintarsa ce ta yi, kuma ba da ita zan ce wa mai koyo ya fara ba.

Kafin in shiga batun mai haɗa sandar, akwai wata magana da ba na son ta wuce ka. Salmon na Atilantika yana cikin matsi. A Disambar 2023 ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke fuskantar ƙarewa ta sanya na Birtaniya cikin waɗanda ke cikin haɗari. A Dee sakin kifi ake yi, ba a tafiya da shi gida. Ke nan kifin da ka kama dole ya koma da sauran ƙarfin da zai kai shi wurin zuba ƙwai. Masu sukar gilashi sukan ce taushinsa yana tsawaita kokawa har kifi ya galabaita. Hakan yana faruwa, amma laifin zaɓen sanda mara ƙarfi ne da rashin sanin yadda ake amfani da ita. Kada ka yarda a yi maka lamba 6 don kawai ta fi daɗin kaɗawa; lambar tana nuna nauyin igiyar da sanda take ɗauka, kuma ƙaramar lamba ta fi rashin ƙarfi. Kuma idan kifi ya kama, kada ka tsayar da sanda sama tsininta kaɗai yana rawa. Kwantar da ita gefe, ƙasa-ƙasa, ka sa gindinta mai kauri ya yi jan, ka riƙa sauya ɓangare don ka hana shi samun daidaito. Gilashi yana jure irin wannan matsin fiye da yadda yawancin mutane suke zato, kuma da shi za ka iya kawo kifi cikin 'yan mintuna. Idan zafin ruwa ya haura digiri 18 ya doshi 20, ajiye sandar gaba ɗaya, ko da ta zinariya ce.

Yanzu ga mutuminka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, mafi yawan masu haɗa sanda da hannu ba su suke yin gangar sandar ba. Sayo ta suke yi tsurarta daga masu naɗa ta. Can ake yanka ƙyallen gilashi da aka jiƙa da danƙo, a naɗe shi a jikin wani dogon ƙarfe mai tsini, a ɗaure, a gasa a tanda, a zare ƙarfen. Yadda sanda za ta lanƙwasa, da ƙarfin gindinta, da saurin tsininta, duk a nan aka gama yanke su. Mai haɗawa kamar tela yake: ɗinki nasa ne, amma shaddar daga masaƙa ta zo, kuma iya ɗinki ba ya mayar da yadi mara kyau ya zama mai kyau. Don haka tambayarka ta farko gare shi ita ce: gangar wa za ka yi amfani da ita, kuma gilashin E ne ko S? Akwai sunayen da aka sani da wannan aiki, irin su Epic da CTS a Niyuzilan, da Steffen da McFarland a Amurka. Ba sai lallai ɗaya daga cikinsu ba, amma mai gaskiya zai faɗa maka sunan ba tare da kwana-kwana ba. Wanda ya ce sirrin sana'a ne, ka yi masa godiya ka wuce. Don salmon, ni S nake zaɓa, saboda ya fi sauƙin nauyi kuma tsininsa ya fi saurin nutsuwa.

Girman da zan ce a yi maka: in ta hannu ɗaya ce, ƙafa 8 da rabi zuwa 9, lamba 8. In kana son ta hannu biyu, ƙafa 11 lamba 7 ita ce inda gilashi ya fi armashi. Kamfanin Echo ya taɓa fitar da na gilashi masu hannu biyu har wajen ƙafa 13, kuma suna da masoyansu, amma a ganina daga ƙafa 12 da rabi zuwa sama abin da kake biya da kafaɗa ya fara fin abin da kake samu.

Sauran aikin kuwa nasa ne, kuma a nan kuɗinka zai halatta ko ya tafi a banza. Fara da mariƙi. Ya auna tafin hannunka, ka kuma gaya masa ko kana sa safar hannu in sanyi ya yi. Mariƙin da ya yi siriri yana sa ka damƙe da ƙarfi har dantse ya gaji, wanda ya yi kauri kuma yana kashe jin sandar. Ɓawon kok da ake yin sa da shi, wanda mafi yawansa daga Fotugal yake fitowa, yana da daraja hawa-hawa. Mara kyau cike yake da ramuka da aka toshe da gari, yana sabo sumul, bayan wata biyu a ruwa toshin ya zube. Ka ce ya nuna maka zobban kok ɗin kafin ya manna su. A ta hannu ɗaya, lallai a sa ɗan guntun gindi a ƙasan mazaunin ƙwarƙwaro, wato abin naɗe igiya, wanda za ka tokara a ciki ko a dantse lokacin kokawa.

Sai zobban da igiya take bi. Wannan shi ne wurin da masu son ado suke ɓata sandar gilashi. Duk giram ɗin da aka ɗora a rabin sama yana ƙara wa tsini lilo, gilashi kuwa dama lilon ne cutarsa. Ka nemi zobba marasa nauyi, naɗin zare gajere, da shafin ifoksi siriri wanda bai yi tumbi ba. Amma kada ramukan su yi ƙanƙanta, domin igiyoyin salmon na yanzu suna da madaukai da ƙulli a inda kan igiya mai kauri ya haɗu da siririyar igiyar baya, kuma idan ƙullin nan ya maƙale a zobe lokacin da kifi yake gudu, shi ke nan. Zoben farko na kusa da hannu ya zama mai faɗi, milimita 16 ko 20. Mai aikin kirki ba ya dogara da jadawalin tazara kawai. Yakan liƙa zobban da tef, ya zura igiya, ya ɗaura ta a wani abu ya lanƙwasa sandar, ya duba ko igiyar tana bin bakan daidai ko tana yin kusurwa a wani wuri, ya matsar, ya sake gwadawa. Roƙe shi ya yi wannan a gabanka.

Ba na raina ado, kada ka fahimce ni ba daidai ba. Gangar gilashi da ba a yi wa fenti ba haske yana ratsa ta, in ka ɗaga ta ga rana sai ka ga launin zuma ko na ganye yana ci daga ciki. Idan aka naɗe ƙafar zobe da farin siliki aka shafa masa ruwan ifoksi, a gaban idonka zaren yake ɓacewa, ya zama garau, ƙafar ƙarfen ta bayyana kamar ba abin da ya riƙe ta. Irin wannan naɗin ba ya ɓoye kuskure ko ɗaya, saboda haka in ka ga ya fita tsaf a wata sandar da ya yi, ka san hannunsa ya faɗa.

Mahaɗan gaɓoɓi suna son kulawa ta musamman. Sandunan gilashi da yawa suna da ɗan turke da yake fitowa daga gaɓar ƙasa ya shige ta sama, kuma da gangan ake barin rata kamar santimita 1 a tsakaninsu don cin da zai yi nan gaba. Kada ka matsa don ka rufe ratar, kada kuma ka yarda a ba ka wadda ta riga ta rufe. Jifan Spey yana murɗa sanda, gaɓoɓi su riƙa juyawa suna sassautawa ba ka sani ba, kuma sassautacciyar mahaɗa ita ce kan gaba wajen fasa sanda. Goga wa turken kakin kyandir kaɗan, ka naɗe mahaɗar da tef ɗin lantarki in za ka yini, ka kuma riƙa dubawa.

Kai masa ƙwarƙwaron da za ka ɗaura mata tun kafin ya fara. Dalili biyu ne: ƙafar wasu tsofaffin ƙwarƙwaro, musamman na Hardy, tana da tsawon da ba ta shiga mazaunin zamani, sannan nauyin ƙwarƙwaro shi ne yake daidaita nauyin tsini. Sandar gilashi ta fi son mai ɗan nauyi. Ya kuma ɗauki aƙalla mita 150 na zaren ajiya a ƙarƙashin igiya.

Lambar da aka rubuta a jikin ganga kada ka ɗauke ta kamar yankan wuƙa. A ma'aunin sandar hannu ɗaya, igiya lamba 8 tana nufin ƙafa 30 na farko suna da nauyin kusan giram 13 da rabi, amma na hannu biyu ma'auninsu daban ne, sun fi haka nauyi nesa ba kusa ba, kuma kamfanoni ba sa bin ƙa'idar sau da ƙafa. Gilashi yana karɓar nauyi iri-iri, wannan alheri ne, sai dai yana sa mutum ya yi ta ƙara masa har ya kashe shi. Da kan igiya irin na Scandi mai matsakaicin nauyi za ka fi jin daɗinta a ƙaramin ruwa. Irin na Skagit, gajere mai kauri, zai taimaka in kana son ɗaga ƙugiya mai ɗan nauyi, amma ba zai mayar da ita sandar Fabrairu ba.

Abu biyu na kuɗi da ya kamata ku yi magana a kansu tun yanzu. Idan gaɓa ta karye bayan shekara 3, wa zai samo madadinta, kuma nawa? Manyan kamfanoni suna da tsarin sauya gaɓa, mai aiki shi kaɗai kuwa ya dogara ne ga ko mai naɗa gangar yana nan yana yin irinta. In zai yiwu, sayi tsini na biyu tun farko a naɗe maka shi tare. Sannan ka sani cewa sandar da aka rubuta sunanka a jiki, aka kuma yi wa mariƙi daidai hannunka, ba ta da kasuwa sosai in ka tashi sayarwa.

Gani ya kori ji. Kafin ka ba da kafin alƙalami, ka ce ya ba ka wata da ya haɗa a kan irin gangar, ko ya haɗa ka da wanda ya yi wa. Ka gwada ta a kan ruwa, ba a filin ciyawa ba, domin jifan Spey sai ruwa ya riƙe bakin igiya yake ɗora wa sanda nauyinta na gaskiya. Ƙungiyar masu fatsa ta Aberdeen da kewaye tana da wurare a Dee da Don da Ythan, kuma a cikin dattawanta ba za ka rasa wanda ya fara kamun salmon da gilashi ba. Ka ɗauki awa guda cur kana jifa, har da fuskantar iska, da igiyar da za ka yi amfani da ita da kuma ƙugiya mafi nauyi da kake niyyar ɗaurawa. Ka tuna ba a kamun salmon ranar Lahadi a Sikotlan, kuma ko gwaji ne da ƙugiya sai da rubutaccen izinin mai ruwan, don haka ku tsayar da ranar tun da wuri.